Takobi da Tarbiyyar Samari: Daga Ganuwar Gwarzo zuwa Dandalin Wasa

A shekarar 1851, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ne ke shigowa kasuwar birnin duk shekara, galibinsu ƙirar garin Solingen na ƙasar Jamus. A Kano ake sa musu mariƙi, dukawa su ɗinka kube, sannan fatake su bazu da su zuwa ƙasar Abzin da Nupe da Borno. Tun kafin wannan zamani, littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410.

Yammacin Kano na daga cikin yankunan da suka fi buƙatar waɗannan kayan yaƙi a ƙarni na 19. Bayan jihadi, sarakunan Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, kuma daga can mayaƙansu suka riƙa kai hare-hare kudu. Garuruwa masu ganuwa irin su Gwarzo da Ƙaraye su ne garkuwar masarauta ta wannan fuska, kuma a cikin wannan yanki Gude take, wadda a yau ke cikin ƙaramar hukumar Kabo. Takobi a lokacin makamin mahayi ne, dakaru kuwa baka da mashi suka fi riƙewa. Duk wanda ya rataya shi yana da ubangidan da ya ba shi doki, wanda zai tuhume shi idan ya zare shi ba bisa umarni ba.

A watan Fabrairun 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, kuma a ƙarshen watan dawakin Waziri Ahmadu suka faɗa wa bindigogi a Kwatarkwashi. Daga nan takobi ya koma kayan ado na hawan salla. Sai dai jinin samartaka bai kwanta da kwanciyar yaƙi ba. Ya sami mafita a farauta da tauri da dambe da kokawa, kowanne da shugabansa da dokarsa. A ƙauyuka sarkin samari ke tsara gayya da wasan dandali, yana kuma hukunta wanda ya karya doka. Wasan takkai ya fi kowanne kama da horon takobi: samari su yi da'ira kowa da sandarsa, su riƙa juyawa bisa kiɗa suna haɗa sanda da na gaba da na baya, wanda ya kuskure lokaci kuwa yatsunsa su gaya masa.

Siyasar shekarun 1950 ce ta fara kwance wannan igiya, yayin da jam'iyyu suka jawo 'yan tauri da mafarauta suka mai da su 'yan banga. Daga wannan tushe daba ta yi rassa, har ta kai ga faɗan unguwanni da ƙwacen waya da ke cin rayukan matasa a Kano a yau. Makami ya ci gaba da zama a hannun saurayi, ubangida da doka kuwa suka janye.

Turai ma ta taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. Fito-na-fito da takobi ya cinye 'ya'yan manya da yawa a Faransa, har sarki ya fitar da dokar hana shi a 1626, amma doka kaɗai ba ta tsayar da shi ba. Abin da ya yi tasiri a hankali shi ne dabarar malaman takobi: suka dakushe tsini, suka ƙirƙiro kwalkwalin raga mai kare fuska wajen 1780, suka ajiye alƙali a tsakani. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta farko a Atina a 1896, aka kuma kafa hukumarsa ta duniya a birnin Paris a 1913.

A yau ana yin sa a kan fili mai tsawon mita 14, kuma a zagayen fitar da gwani wanda ya fara taɓa abokin karawarsa sau 15 shi ya ci. Dole ne 'yan wasa su gaida juna da alƙali kafin karawa da bayanta, wanda ya ƙi kuwa a hukunta shi. A nan amfaninsa ga yaro yake. Yana koyon auna tazara da jiran lokaci, domin mai fushi da gaggawa shi ake fara taɓawa. Yana koyon tsayawa cak da zarar alƙali ya yi magana. Ƙarfin ƙirji ba ya yanke hukunci, don haka siririn yaro mai lura kan kayar da ƙato. Mafi girma duka, yana sabawa da shan kaye a gaban jama'a ba tare da neman ramuwa a bayan fage ba, wanda rashinsa ne ke hura wutar daba.

An gwada wannan a unguwannin talakawa. A 1991 Peter Westbrook, wanda ya ci tagulla a Olamfik ta 1984, ya kafa gidauniya a birnin New York na Amurka domin koya wa yaran marasa ƙarfi wasan. Daga cikin waɗanda suka sami horo a can akwai Ibtihaj Muhammad, wadda ta ci tagulla a 2016 sanye da hijabi, ganin cewa tufafin wasan suna rufe jiki baki ɗaya. A garin Thiès na Senegal an shigar da shi gidan yari domin gyaran halin ƙananan yara. Ɗan Masar Alaaeldin Abouelkassem ya kawo wa Afirka lambarta ta farko ta Olamfik a wasan a 2012, Legas kuma ta karɓi gasar nahiyar a 2025.

Cikas ɗin da ke gaban gari irin Gude shi ne tsada, domin kayan gasa daga waje ake shigo da su, kuma kwalkwalin fuska ba abin da za a yi wa kwaskwarima ba ne. Amma masu farawa sukan yi amfani da takubban roba masu sauƙin kuɗi, filin makarantar firamare kuma ya ishi mita 14. Abin da ya fi wuyar samu shi ne malami mai horo wanda zai zauna da yaran mako bayan mako, da dattawan da za su tsaya masa yadda suka tsaya wa sarkin samari a da. Wannan nauyi ne da ƙungiyoyin ci gaban gari da 'ya'yan yankin da ke aiki a birane za su iya ɗauka, idan suka fara da tura mutum ɗaya ya koyo.