Labarin Raccah Rovers ta Kano

Duk wanda ya bi ta Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun da la'asar sakaliya, da wuya ya rasa ganin samari a fili suna buga tamaula, kowace unguwa da ƙungiyarta. Amma in ka tambaye su ƙungiyar da ta fara kawo wa ƙasar Hausa kofin gasar ƙasa baki ɗaya, kaɗan ne za su iya faɗi. To, ga labarinta, don kuwa akwai abin lura a cikinsa.

Sunanta Raccah Rovers, mazauninta birnin Kano. Shi wannan suna na Raccah sananne ne ga Kanawa tun zamanin cinikin gyada, gama sunan wani attajiri ne, Saul Raccah, mutumin Tarabulus, wanda ya ƙasaita a wannan ciniki wajen shekarun 1930.

A shekarar 1972 aka fara gasar ƙasa ta ƙungiyoyin ƙwallo a Nijeriya, Mighty Jets ta Jos ta cinye ta farko. Daga nan sai kofin ya koma Kudu ya zauna, yau yana Binin, gobe Inugu, jibi Badun. Ana nan, a 1977, sai Raccah Rovers ta kai wasan ƙarshe na kofin Challenge, amma IICC Shooting Stars ta Badun ta rinjaye ta. Wannan faɗuwa ba ta karya mata gwiwa ba. Da shekara ta kewayo, watau 1978, lokacin da ake kammala madatsar ruwa ta Bakolori a nan wajenmu, sai ga ta ta ɗauki kofin gasar ƙasa.

A cikin wannan shekara har wa yau aka yi wani abu wanda dattawa ba su manta ba. Ƙungiyar Fluminense ta ƙasar Brazil ta kawo ziyara Nijeriya, ta kara da Raccah Rovers a Kaduna ran 26 ga Afrilu. Pele kuwa, wanda ya riga ya aje wasa tun 1977, ya sa rigar baƙin ya shiga fili. Baƙi suka ci biyu, Kanawa ɗaya. A 1979 kuma ita ce ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka, ta kai cikin takwas na ƙarshe, sa'an nan US Gorée ta ƙasar Senegal ta fid da ita. Ɗaya daga cikin 'yan wasanta, Shefiu Mohammed, yana cikin waɗanda aka zaɓa wa Nijeriya sa'ad da ta ci kofin Afirka a Ikko a 1980.

Amma duk wannan ɗaukaka ba ta daɗe ba. Cikin shekarun 1980 sunanta ya ɓace daga sahun manya, har aka wayi gari babu ita. Ba kuwa ita kaɗai ba ce. Leventis United ta Badun, wadda wani kamfani ya kafa, ta ci gasar ƙasa a 1986. Abiola Babes ta Abeokuta, ta attajiri M. K. O. Abiola, ta ci kofin Challenge a 1985 da 1987. Kafin 1990 duka biyun an rushe su, alhali kuwa suna cikin ƙarfinsu.

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo na ƙasarmu ne kaɗai. A can Rasha suna da wani wasa da ake kira hoki, wanda ake yi da sanduna a kan ƙanƙara, suna kuwa sonsa kamar yadda muke son tamaula. Wata ƙungiyarsu, MVD, ta kai wasan ƙarshe na babban kofinsu a 2010, a cikin shekarar nan kuma aka haɗe ta da Dynamo ta Mosko, sunanta ya shafe. Wata kuma, Atlant, ta kai wasan ƙarshe a 2011, amma a 2015 rashin kuɗi ya fid da ita daga gasar. Ashe dai cin wasa a fili ba shi ke raya ƙungiya ba.

Kanawa kuwa sai da suka sake sabon gini. A 1990 aka haɗa ƙungiyoyi uku, watau WRECA, da Golden Stars, da ta Bank of the North, aka kafa Kano Pillars. Duk da haka kofin gasar ƙasa bai komo Kano ba sai a 2008, shekara 30 cif bayan na Raccah Rovers. Wannan ya nuna rushewa aikin rana ɗaya ce, gini kuwa sai an daɗe.

To, jama'a, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙungiyar da mutum guda ke saya mata riguna da ƙwallo, shi ke biyan kuɗin mota ran da za ta je wasa Gusau ko Sakkwato, ranta yana aljihunsa ne. Ran da ya gaji, ko ciniki ya juya masa baya, ta mutu ke nan. Abin da ya kamata ga samarinmu shi ne su yi wa ƙungiyarsu asusu, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, su zaɓi ma'aji mai amana, su kuma aje littafi inda za a rubuta kuɗi, da wasanni, da sunayen 'yan wasa. In mai hali ya taimaka, a gode masa, amma kada a jingina da shi kaɗai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.