Yadda Talakawan Ƙasar Sin Suka Sami Rubutu

Mai koyon boko ko ajami, in ya riƙe baƙaƙe kamar talatin, ya sami mabuɗin karatu. A ƙasar Sin ba haka abin ya ke ba. Su Sinawa kowace gaɓar magana da alamarta, alamun kuwa dubbai ne, kowace sai an haddace ta daban.

Rubutun nan tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1899 masana suka gane shi a jikin waɗansu ƙasusuwa da ƙoƙunan kunkuru da a ke tonowa kusa da garin Anyang. Bokayen sarakuna ne suka zana su, shekara fiye da 3,000 da suka wuce. Da fari waɗansu alamun hotuna ne. Alamar itace tana da gindi da rassa da saiwoyi. In an jera biyu sun zama kurmi, in an tsai da alamar mutum kusa da itace, ma'anarta hutawa. Amma yawancinsu haɗi ne, ɓangare ɗaya ya nuna ma'ana, ɗaya ya nuna lafazi. Kalmar uwa da ta doki duka "ma" ne, sai karin murya ya bambanta su. Saboda haka in za a rubuta uwa, sai a haɗa alamar mace da ta doki.

Sarki Cin Shi Hwang, da ya haɗa ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka daidaita rubutun. Wannan ya sa mutumin arewa da na kudu, ko ba su jin maganar juna, su kan fahimci takardar juna. Alamun suka yi ta ƙaruwa, har ƙamus na Sarki Kangshi, wanda aka gama a 1716, ya tara wajen 47,000.

Yaro ya kan koya da alƙalamin gashi da tawada. Kowane zane da lokacinsa: na sama kafin na ƙasa, na hagu kafin na dama. Ya kan maimaita alama ɗaya har hannunsa ya saba. Wannan aiki na shekaru ne, ɗan manomi kuwa ba shi da shekarun nan, gona tana jiransa. Ga shi kuma, har 1905, jarrabawar rubutu ita ce babbar ƙofar aikin sarauta. Sai ilmi ya tsaya a gidajen masu hali.

A Yaƙin Duniya na Farko an kai leburori Sinawa wajen 140,000 Turai, yawancinsu Faransa. A 1918 wani saurayi, Yan Yangcu, wanda Turawa ke kira James Yen, ya gama karatu a Amurka ya tafi ya taimake su. Kullum sai su zo ya rubuta musu wasiƙu zuwa gida. Ya ga dai wanda a ke rubuta wa wasiƙa ba shi da asiri, kuma ranar da babu marubuci iyalinsa ba su jin labarinsa. Sai ya zaɓi alamun da aka fi bukata ya shiga koya musu. Mutanen da a ke cewa kansu ba ya ɗaukar karatu suka fara rubuta wa iyayensu da hannunsu.

Da ya koma gida, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar ilmantar da jama'a a 1923. Littafinsu alama dubu ne kawai, waɗanda manomi zai iya koya cikin 'yan watanni. Duk da haka, a 1949 wajen mutum 80 cikin 100 ba su iya karatu ba.

Sabuwar gwamnati ta ɗora daga nan. A 1956 ta sauƙaƙe ɗaruruwan alamu. Doki, wanda dā zane goma ne, ya koma uku. A 1958 aka fito da pinyin, watau rubuta lafazin kowace alama da baƙaƙen boko, don mai koyo ya san yadda zai faɗe ta. Aka kuma yanka ma'auni: manomi ya san alama 1,500, ma'aikaci 2,000. Waɗansu masana sun ƙi, suka ce an yanke wa alamun asalinsu, har yau kuwa Taiwan da Hong Kong da tsofaffin su ke rubutu.

Ƙidayar 2020 ta nuna waɗanda ba su iya karatu ba a ƙasar Sin ba su kai 3 cikin 100 ba. Yanzu mutum ya kan buga lafazi da boko a wayar hannu, ta jero masa alamu ya zaɓa. Amma a makaranta yara suna nan suna cika gidajen takarda, zane bayan zane, na sama kafin na ƙasa.