Daga Akushi Zuwa Kula: Tarihin Gyaran Gida Da Kwanon Sallah A Jos

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, gidajen Tudun Wada kan canza kama. A fito da katifu rana, a sauke labule a wanke, a aika yaro kiran mai fenti, uwargida kuma ta buɗe kabad ta fito da kwanukan da ba a taɓa su sai shekara-shekara. Yaranmu suna ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Alhali kuwa kusan duk abin da ke cikin ɗakin nan yana da lokacin da ya shigo garin nan da hanyar da ya biyo. In muka bi sawun kayan, za mu ga tarihin zamanmu a Jos, mu kuma gane abin da ya sa kakanninmu ba su ɗauki gyaran gida da fitar da abincin Sallah da wasa ba.

Garin da ba shi da ganuwa

Jos garin kuza ne. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka kuza, fatake na kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1900 Turawan kamfanin Neja suka biyo sawunta har bisa dutse, suka kafa sansani a Naraguta. Daga nan sai leburori da mahauta da maɗinka da malamai suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Borno, suka zauna kusa da Birom da Anaguta da Afizere da ke ƙauyukansu. Ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma a 1927, ya ƙaro Ibo da Yarbawa da sauran mutanen kudu. Ko sunan unguwarmu shaida ne: a Zariya da Kaduna da Kano ma, Tudun Wada mazaunin masu zuwa neman arziki ne.

To, a Kano ko Katsina Sallah ta sarki ce. Ana saukowa daga idi, ido ya koma kan dawaki da 'yan bindiga da masu algaita. Jos ba ta gaji irin hawan Daushe da hawan Nassarawa ba. Saboda haka gida ne ya zama filin Sallah. Lebura gwauro da ya baro danginsa a Daura ko Azare ba shi da inda zai ci tuwon Sallah sai zauren mai masaukinsa. Maigidan da zaurensa ya cika ranar idi shi ne babban mutum, matar da ɗakinta ya ɗauki baƙi ita ce uwar unguwa. Gyaran gida a wancan zamani hanya ce ta cewa mun zauna, ku shigo.

Bango da daɓe

Duwatsun Jos sun haura mita 1,200 bisa teku, ruwa kuma yakan ɗauki wajen wata shida yana zuba. Soron ƙasa irin na Kano yana shan wuya a nan, shi ya sa rufin kwano ya karɓu da wuri. Bangon ƙasa kuwa kowace damina sai ta ci rabonta, don haka kafin Sallah maza su yi yaɓe, su toshe inda ya tsage. Sauran aikin na mata ne. Su jiƙa farar ƙasa su shafe ɗaki da tsumma, wasu su ja layin jar ƙasa ta ƙasan bango. Sannan a yi gayyar daɓe: matan maƙwabta su taru da madaɓai, ana zuba tsakuwa ana yayyafa ruwan makuba, ana bugu ana waƙa, har ƙasa ta yi santsi tana ƙyalli. Mai hali kan kira magini ya yi masa zane a fuskar gida, ya ɗora zankwaye. Wanda bai taɓa ganin irin wannan gini ba, ya leƙa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. A harabarsa akwai kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya.

Sannu a hankali siminti ya kori daɓe, fenti ya kori farar ƙasa. Aka shimfiɗa leda, daga baya kafet, har da wanda kamfanin NASCO ya riƙa yi a nan garin, yau kuma tayil ake yayi. Aiki ya yi sauƙi, ba shakka. Sai dai daɓe gayya yake so, tayil kuwa kuɗi kawai yake so. Da aka daina daɓe, an rage wata rana guda da matan layi ke haɗuwa a gida ɗaya.

Jere

Adon ɗakin Bahaushiya shi ne jere. Farko ƙore ne masu zane da fayafai masu launi da akusan itace baƙaƙe, sai tasoshin tagulla, waɗanda na Bida suka yi suna. Ana gobe Sallah 'yan mata kan zauna da toka da lemon tsami suna goge tasa har mutum ya ga fuskarsa. Da jirgin ƙasa ya zauna da gindinsa, kantunan Turawa suka cika da kwanon fenti mai furanni, na Cekoslobakiya da na Hong Kong, kafin a fara ƙera shi a Legas da Kano wajen lokacin samun 'yancin kai. Langa da fanteka da kumbo da samira suka hau bango, aka jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, gefe guda ga gadon ƙarfe mai rumfa da tulin matasai.

Kada a ɗauka ƙawa ce kurum. Kayan ɗaki iyayen amarya ne ke yi mata, mallakarta ne, miji ba shi da iko da su. In rana ta ɓaci, ta zare kwalla biyu ta ba dillaliya, a sayi hatsi ko magani. In 'yarta ta isa aure, daga jeren nan za a fara haɗa nata. A garin da abincin gida ya rataya ga farashin kuza a Landan, bangon uwargida shi ne asusun iyali. Gidaje da yawa sun ga amfaninsa da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, tsadar rayuwa ta zamanin SAP kuma ta biyo baya a 1986.

Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya shigo da kujerun kushin da rediyo mai kaset da kabad mai gilashi. Jere ya sauka daga bango ya shiga kabad, tangaran ya zauna kusa da samira. Alhazai suka riƙa dawowa da dardumai da butocin shayi da agogon bango da hoton Ka'aba. Daga baya kula ta zo, ta kuwa dace da garin da tuwo ke hucewa kafin a kai shi ƙofar gida.

Shimfiɗa

Mu ba mu gaji tebur ba, tabarma muka gada. Maza a zaure, dattijo bisa buzu ko darduma, mata a cikin gida, yara da nasu kwanon. A kawo buta a wanke hannu, a buɗe faifai, a sa hannu a akushi ɗaya. Ƙaramar Sallah ta tuwon shinkafa ce da miyar taushe, da waina, wadda mutanen Bauchi ke kira masa, da funkaso. Babbar Sallah kuwa ta nama ce: a soya, a raba, a ajiye na gida, kai da ƙafa su kwana a wuta. Turaren wuta na tashi, goro na zagayawa, yara na shigowa da barka da Sallah.

Amma kwanon Sallar Jos ya sha bamban da na sauran garuruwa. Turawan kuza sun zo da son kabeji da karas da latas da dankalin Turawa, sanyin dutse ya karɓe su, masu lambu suka riƙa ban ruwa daga kududdufan da haƙar kuza ta bari. Shi ya sa haɗin ganye ya hau farantinmu da wuri, har yau kuma jajibirin Sallah kasuwar Farin Gada ba masaka tsinke. Cincin da dafa-duka mun same su ta zama da mutanen kudu. Acca da gwate na masu ƙasar dutse ne, sun shiga tukunyarmu sun zauna. Duk wanda ya dubi tiren Sallah a Tudun Wada da kyau, zai ga maƙwabtan da muka yi shekara ɗari muna zaune da su.

Kwanon da ke tsallake katanga

Mafi kyawun kwanon gida ba na ci ba ne, na aike ne. Uwargida kan zaɓi langar da ba ta da ƙwarzane, ta zuba, ta rufe, ta ɗora wa yarinya mai sabon lalle, ta ce kai gidan Maman wane. Kwano kuma ba ya dawowa haka nan, ko da tukuici ko da wani abin a ciki. Ranar Kirsimeti sai hanya ta juya: shinkafa da kaza da cincin su shigo gidajenmu. Maƙwabci Kirista kan kira Musulmi ya yanka masa akuya ko kaji, don kawai kowa ya iya ci ba tare da shakka ba. Ba wata hukuma da ta tsara wannan, mata da yara ne suka riƙe shi.

Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 11, bukukuwan kan haɗu lokaci-lokaci. A Disambar 2000 ƙaramar Sallah ta faɗo a makon Kirsimeti, kwanuka suka yi ta gilmawa ta kowane ɓangare. Wata takwas da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 7 ga Satumba 2001, rikici ya ɓarke. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus, inda kowa da kowa ke sayayyar biki, ta ƙone. Rikicin ƙarshen Nuwamba 2008 ya zo ana saura kwana goma babbar Sallah, na Janairun 2010 ya biyo baya. An yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, jeren da aka tara shekara arba'in ya zama toka cikin awa guda. Mutane suka sayar da gidaje ko suka yi musaya, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Mu a Tudun Wada mun san gidajen da aka bari, mun san waɗanda a da ake kai wa kwano.

Yau ɗakunanmu sun fi na kakanninmu kyau nesa ba kusa ba. Akwai labule mai hawa biyu, akwai fitilu masu launi, akwai kuloli saiti-saiti. Sai dai sau da yawa wayar hannu ce ke fara ganin adon, a ɗauka a tura, baƙo bai taka ba. Akwai matasa a garin nan da suka girma ba su taɓa cin abincin biki a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma su ne za su gaji unguwa. Wanda bai taɓa cin tuwon gidanku ba, ba wuya a gaya masa ƙarya a kanku ya yarda.

Masu lissafin wata sun ce a Disambar 2033 ƙaramar Sallah za ta sake faɗowa dab da Kirsimeti. Ko yaran wannan lokaci za su san ƙofar da za su kai kwano, ya danganta da abin da muka koya musu daga bana. Iyayenmu mata, in an gama goge kabad, a ware kula ɗaya mai kyau ta aike. Iyayenmu maza, a buɗe zaure ko falo, a aika wa tsohon maƙwabci cewa ana jiransa, ko da ya koma wata unguwa. Zumunta dai a ƙafa take. Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya maimaita mana.