Daga ɓawon gyaɗa zuwa tace gubar ruwa

Tun da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, ake ta maganar cewa ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa suna iya zuƙe gubar ƙarfe daga ruwa. Wasu na cewa ai hikimar kakanninmu ce. Ban yarda ba.

Gaskiya ne an daɗe ana jefa alif ko garin ƙwayar zogale a randa, kuma masani Lowitz ya nuna ƙarfin gawayi wajen tace ruwa mai launi tun 1785. Amma masu jefa alif laka suke so ta kwanta. Dalma kuwa idan ta narke, ido ba ya ganinta, tafasawa ma ba ta korar ta.

A ganina tsoro da tsada ne suka haifi wannan ilimi. A 1956 aka gano cutar Minamata a Japan, wadda zaibar masana'anta ta jawo, duniya ta firgita, ga gawayin da ake sarrafawa don tace ruwa da ɗan karen tsada. Sai masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka suka koma kan shara: a 1975 Randall da abokan aikinsa suka nuna cewa jar fatar gyaɗa tana kama tagulla a ruwa. Sinadarin da ke wannan aiki ɗan uwan wanda ke cikin bagaruwar majema ne. Abin takaici, masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano kuromiyam suka runguma maimakon bagaruwa, dagwalonsu kuma ya daɗe yana gangarawa kogin Challawa.

A Nijeriya, Okieimen na Jami'ar Benin ya gwada totuwar masara da ɓawon gyaɗa a kan dalma da kadmiyam tun shekarun 1980.

To, ina sakamakon? Yawancinsa na nan a ɗakin gwaji, alhali daga Ɗanzomo zuwa Maigatari a masarautar Gumel karan riɗi da ƙaiƙayin gero jibge suke bayan kaka. Kada dai kowa ya zuba ɓawo a randa ya ce ya tsira, domin ɓawon da ya sha dalma shi ma guba ne. Muna roƙon gwamnatin Jigawa ta fara auna ruwan rijiyoyin masarautar Gumel, ta kuma sanar da jama'a abin da ta gano.