Daga gandun W zuwa Kure: wa aka tambaya kafin a kafa doka?

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwa mai ƙetare iyaka, duk dokar da ta hana ka shiga wani daji ko ɗaukar wata fata tana da tarihi. Yau bari mu bi na ƙasar Nijar.

A zamanin mulkin Faransa aka shata dajin nan na gaɓar kogin Kwara, inda ruwan ya yi lanƙwasa kamar harafin W, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1954. Yau dajin ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso. An tashi ƙauyukan da ke ciki, an hana farauta da kiwo, amma ba a nemi shawarar Fulanin da ke bi ta nan da shanu lokacin rani ba. To, me ya biyo baya? Shekara da shekaru ana wasan ɓuya tsakanin makiyaya da ma'aikatan gandun daji, ga tara, ga kamen shanu, farautar sata kuma ba ta tsaya ba.

Yanzu mu matsa Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Nan garken ƙarshe na raƙuman dawan Afirka ta Yamma ya rage. Fari da farauta da saran daji sun ci su, har a 1996 aka ƙirga 49 kacal. Dokar farauta ta 1998 ta ba su cikakkiyar kariya, sai dai Kure ba gandu ne mai shinge ba. Raƙuman cikin gonakin mutane suke yawo, su ci wake, su ci mangwaro. Ka ga ke nan in manomi bai yarda ba, ma'aikaci nawa za a zuba?

Shi ya sa aka zauna da hakimai da masu gari. Ƙungiyar ASGN mai kare raƙuman ta riƙa haƙa rijiyoyi da ba mata ƙananan basussuka, 'yan yankin kuma suka zama masu yi wa baƙi jagora, suna samun na cefane. Cikin shekara ashirin da 'yan kai garken ya haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, ƙasar makiyaya, aka ɗauki mutanen wurin aikin sa musu ido.

A ɓangaren kiwo ma an canja salo. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, inda wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare da sarakuna. Dokar kiwo ta 2010 kuwa, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne, sai da aka yi shekaru ana tattaunawa da ƙungiyoyi irin su AREN kafin ta fito.

Kai kuma ɗan kasuwa, ka lura. A taron yarjejeniyar CITES na 2019 a Geneva, Nijar da Chadi na cikin ƙasashen da suka nemi a sa raƙumin dawa a jerin dabbobin da ake taƙaita cinikinsu, aka kuma amince. Fata ko wutsiya ko ƙashinsa ba sa ƙetare iyaka sai da takardar izini, a Nijar kuwa kashe shi ma laifi ne. "Ban sani ba" ba ta fid da mutum a hannun kwastan.

Aikin Kure bai tsira daga jarrabawa ba. Harin watan Agustan 2020, da ya kashe mutum takwas, ya kori masu yawon buɗe ido, kuɗin shigar 'yan jagora ya faɗi. A irin wannan hali, yardar mutanen ƙauye ita ce babbar garkuwar raƙuman.

Saboda haka in mai gari ya kira taro kan burtali ko mashaya ko iyakar gandu, kada ka ce kana wajen shanu ko kana kasuwa. Ka je, ko ka tura wakilin da ya san hanyar garkenku, domin layin da aka ja a wannan zama shi 'ya'yanka za su tarar.