Kakarmu Da Zaurenta: Yadda Baƙi Suka Zama 'Yan Gari A Gombe

Duk wanda ya tashi a Nasarawo ya san da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da wanda kakanninsa daga wani gari suka zo ba. Namu gidan ma haka yake.

Gombe da muke ciki ba tsohon birni ba ne. Buba Yero ya kafa masarauta a 1804, amma fadar tana Gombe Abba. A 1913 Turawa suka mayar da ita Nafada, sai a 1919 aka dawo da ita nan Doma. Daga nan gari ya fara cika, musamman da noman auduga ya bunƙasa, aka kafa injin gurza a 1956, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963. Kanawa, Katsinawa, Barebari da Yarabawa suka yi ta kwararowa suna zama tare da Fulani, Terawa da Bolawa.

A cikin wannan ayari kakarmu ta zo daga wani ƙauye a ƙasar Kano, a bayan babbar mota, da goyo da ƙullin kwanuka. Kakanmu ya riga ta da damina biyu. Sun yi zaman haya a Jekadafari kafin su samu fili a Nasarawo.

Inna, kamar yadda muke kiranta, ba ta yi boko ba, amma da mazarinta aka yi rabin ginin gidanmu. Takan gurje auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare, a kai kasuwa, kuɗin ta zuba a adashi. Fillanci kuwa a bakin masu tallan nono ta koya, har ta rasu tana yinsa da karin harshen Kano, maƙwabta na yi mata dariya tana taya su.

Abin da ba ta wasa da shi shi ne zaure. Duk wanda ya sauko daga mota ya ce daga garinsu yake, to ya samu tabarma da tuwo har ya samu abin yi. Kullum sai ta ajiye malmala ɗaya a rufe saboda baƙon dare, don ita ma an taɓa rufa mata asiri haka.

Yau jikokinta mun haura arba'in, amma waɗanda suka san sunan ƙauyen da ta fito ba su kai biyar ba. Abin takaici, wani lokaci a bakinmu ake jin ana ce wa sabon zuwa "baƙo" da raini, alhali jiya-jiya aka shimfiɗa wa namu tabarma.

Wanda kakarsa ke raye, ya zauna da ita yau, ya tambaye ta daga ina, da wa, a gidan wa aka sauke su, ya naɗa a waya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa Aljanna ce makomarsu.