Labarin Kanar Baker, Mai Rawani Uku

Cikin dukan 'yan majalisar dattawan Amurka, tun kafuwarta har wa yau, mutum ɗaya ne tak aka kashe a fagen fama tun yana riƙe da kujerarsa, shi ne Edward Baker. Mutumin nan rawani uku ya ɗaura: lauya ne, ɗan majalisa ne, kuma hafsan soja ne. Ya kamata duk mai riƙe da aikin jama'a ya ji labarinsa, don a cikinsa akwai abin koyi, akwai kuma abin gudu.

An haife shi a birnin Landan cikin watan Fabrairu na shekarar 1811. Ubansa malamin makaranta ne, ba shi da abin hannu. A 1816 suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka sauka birnin Philadelphia, inda yaron ya koyi saƙa. Daga baya suka nausa yamma, har suka ya da zango a jihar Illinois, wadda a zamanin nan bakin daji ce. Ya taɓa dako da keken doki, sa'an nan ya koma wani ɗan gari wai shi Carrollton, ya durƙusa gaban wani masanin shari'a yana karatun littattafan doka. A wannan zamani ba tilas ne mutum ya shiga babbar makaranta kafin ya zama lauya ba, sai dai ya bi wani gwani ya yi karatu, a jarraba shi. A 1830 aka ba shi izinin aikin lauya, watau tsaya wa mai ƙara ko wanda aka yi ƙara a gaban joji. Shekarunsa 19 a lokacin.

A 1835 ya koma garin Springfield. Lauyoyin wurin su kan bi joji rangadi bisa dawakai, gari gari, duk inda aka sauka a yi zaman shari'a. A nan ya sadu da Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, suka ƙulla abota. Baker kuwa mai fasahar baki ne ƙwarai, in ya miƙe zai yi magana sai wuri ya yi tsit. Saboda haka aka zaɓe shi majalisar wakilan jihar a 1837, ya hau ta dattawan jihar a 1840. Sun taɓa karawa da Lincoln wajen neman a tsai da ɗayansu wakili zuwa majalisar ƙasa, Baker ya rinjaye shi, amma wannan bai ɓata tsakaninsu ba. A 1844 aka zaɓi Baker zuwa Washinton, a 1846 kuma da aka haifa wa Lincoln ɗa, sai ya raɗa masa suna Edward Baker.

Cikin wannan shekara ta 1846 yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Meziko. Baker ya tara sojan sa kai na jiharsa, aka naɗa shi kanar. Nan fa magana ta taso, don babbar dokar ƙasarsu ta hana ɗan majalisa ya riƙe wani muƙami na gwamnatin ƙasa. Ya ajiye kujerarsa, ya bi rundunarsa. A yaƙin Cerro Gordo, cikin Afrilu 1847, aka ji wa Janar Shields mummunan rauni, Baker ya karɓi jagorar mutanensa har aka ci nasara. Ya komo gida da suna, ya sāke zama majalisar ƙasa daga 1849 zuwa 1851.

A 1852 ya tafi San Francisco ta Kalifoniya, inda neman zinariya ya tara mutane iri iri. A can ne ya yi aikin da ya fi kowanne nuna ko shi wane ne. Cikin Nuwamba 1855 wani ɗan caca, Charles Cora, ya harbe wani babban ma'aikacin gwamnati mai suna Richardson. Gari ya ɗauki zafi, kowa cewa ya ke a rataye shi. Baker ya yarda ya tsaya masa, ko da ya ke ya san abin zai jawo masa baƙin jini. Bisa al'adar shari'arsu, mutum 12 a kan zaunar daga cikin jama'a su saurari shaidu, su ce da laifi ko babu. Waɗannan suka kāsa haɗa baki, ya zama sai an sāke shari'a. Kafin a sāke, sai waɗansu mutanen gari da suka kafa ƙungiya suka je kurkuku da makamai, suka fito da Cora, suka yi masa irin tasu shari'ar, suka rataye shi ran 22 ga Mayu 1856. Baker kansa sai da ya bar garin na ɗan lokaci. Abin da ya tsaya a kai shi ne, kome munin abin da a ke tuhumar mutum da shi, ba a hukunta shi sai a gaban shari'a, bayan an ji ta bakinsa.

A 1860 ya koma jihar Oregon, aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan ƙasa. Cikin shekaran nan kuma aka zaɓi abokinsa Lincoln shugaba, ran 4 ga Maris 1861 kuwa Baker ne ya gabatar da shi ga jama'a wajen rantsuwa. Amma jihohin Kudu, don tsoron kada a taɓa musu al'adar bauta, suka ɓalle, yaƙin basasa ya ɓarke cikin Afrilu. Baker ya sāke tara soja. Aka yi masa tayin muƙamin janar, bai karɓa ba, don in ya karɓa dole ya bar majalisa. Ya tsaya a kanar, ƙafa ɗaya a majalisa, ɗaya a sansani, har ya kan shiga zauren majalisar da kayan soja. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Cikin Oktoba 1861 rundunar Baker tana ƙarƙashin Janar Charles Stone, a bakin kogin Potomac, abokan gāba suna ƙetare, wajen garin Leesburg. Ran 20 ga wata da dare 'yan leƙen asiri suka hangi jerin itatuwa, suka zaci tantuna ne. Aka aika soja su faɗa wa sansanin, gari ya waye suka tarar ba kome. Stone ya tura Baker, ya ce ya duba, in ya ga dama ya janye mutanen, in kuwa ya ga da hali ya ƙara musu waɗansu. Baker, tun bai ƙetare ya ga wurin da idonsa ba, ya ba da umurni a yi ta fito da soja. Ga tsibiri a tsakiyar kogin, sai an yi fito sau biyu, ga jiragen 'yan kaɗan ne, ga gaɓar can tudu ne mai tsawo da a ke kira Ball's Bluff. Soja wajen 1,700 suka taru bisa tudun, kurmi a gabansu, rami da ruwa a bayansu. Da la'asar ran 21 ga wata harsashi ya sami Baker yana gaban mutanensa, ya faɗi matacce. Can da almuru soja suka watse, suka gangaro, suka cika jiragen har suka nutse. Aka yi hasarar mutum fiye da 900, fiye da 500 daga cikinsu kamammu, abokan gāba kuwa wajen 150. Kwana da kwanaki ruwa na kai gawa har Washinton. Babu mai musun jaruntakar Baker, amma bai lissafa jiragen komowa ba kafin ya tura 'ya'yan mutane, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Da labari ya iso, Lincoln ya yi kuka. 'Yan majalisa ba su so a ɗora laifi bisa ɗan'uwansu mamaci ba, saboda haka cikin Disamba suka kafa kwamitin binciken yadda a ke tafiyar da yaƙin, suka juya kan Stone. Aka saurari masu sukarsa a asirce, aka ce yana ma'amala da abokan gāba. Cikin Fabrairu 1862 aka kama shi da tsakar dare, aka tsare shi kwana 189, ba a rubuta masa tuhuma ba, ba a kuwa kai shi gaban shari'a ba. Sai da majalisa ta yi doka cikin Yuli, cewa duk hafsan da aka tsare a ba shi takardar laifinsa cikin kwana 8, sa'an nan aka sake shi a watan Agusta. Daga baya ya tafi Masar, ya yi babban hafsan sojanta daga 1870 zuwa 1883.

To, jama'a, ku dubi wannan al'amari. Abin da Baker ya sai da mutuncinsa don ya hana a 1856, shi ne masoyansa suka aikata da sunansa a 1862, su kuwa ba 'yan tāda zaune tsaye ba ne, masu yin doka ne. Gawarsa tana San Francisco, an sa wa wani gari da wata gunduma sunansa a Oregon. Wanda aka ba amanar jama'a, ya tuna gwaninta a aiki ɗaya ba ta isar wa wani aikin, ya kuma tuna fushin manya ba ya zama hujja a kan wanda ba a ji ta bakinsa ba.